Kyamarar da Aka Murɗe wa Wuya

Sun karya wa Gola kyamara a ƙofar filin ƙwallo, da rana tsaka, a gaban jama'a, kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce masa yi haƙuri.

Ranar wasa ce. Ya sauko daga babur ɗin haya yadda ya saba, ƙafar dama a miƙe kamar taɓarya, sanda a hannu ɗaya, 'yar kujerarsa mai naɗewa a ɗaya, kyamara tana lilo a ƙirji. Ya nufi ƙaramar ƙofar ƙarfe ta ma'aikata, wadda yake shiga yana fita tun mai gadinta na yanzu yana zanen goyo. Mai gadin nan ƙato ne, Guduma ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi masa ƙazafi ba. Sai ya tare ƙofar da jikinsa.

"Baba, kawo kyamarar."

"Ta gidanku ce?"

"Sabuwar doka ce, Baba. Ƙungiyar masu hoto ta ce duk wanda zai zauna a bakin layi sai an cire idon kyamararsa an gani. In ido ya fita, ta ƙwararru ce, a ba shi jan falmaran ya wuce. In bai fita ba, abin wasan yara ce, ya koma cikin 'yan kallo."

"Wannan ba a cire mata ido. Da shi aka ƙera ta."

"Kowa haka yake cewa."

Kafin Gola ya sami inda zai jingina kujera, ƙaton ya zare masa igiyar ta saman kai. Da safiyar nan aka koya wa Guduma aikin: ka danna ɗan maɓalli, ka murɗa ido, ya fita. Ya lalubi maɓalli, ya danna wanda yatsansa ya fara samu. Ashe na kunnawa ne. Kyamara ta yi ɗan gurnani, ta miƙo dogon wuyanta kamar yadda take yi kullum.

"Ka gani? Ga shi yana fitowa!" in ji Guduma. Ya damƙe wuyan da hannun da yake jan ƙofar ƙarfe da shi, ya murɗa.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar ƙashin kaza. Amma Gola a gwiwarsa ya ji ta. Guduma ya tsaya yana kallon idon yana reto a jikin wata siririyar waya, sannan ya miƙa masa ita, ya ce, "To, ai bai fita duka ba. Ba ta ƙwararru ba ce. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Wanda bai san Gola ba zai ce kyamara ce dai, ai ba rai ba ne. To, ya gyara zama a gaya masa.

A lungun da ke bayan filin nan aka haife shi. Ubansa mai faci ne, rumfarsa a jingine take da katangar filin, duk ƙwallon da ta tsallako sai ta faɗo cikin tsofaffin tayoyi. Tun yana rarrafe yake cafe su. Makaranta kuwa, iyakar abin da bulala ta iya cusa masa shi ya ɗauka. Ya tsare ragar ƙungiyar garin duk tsawon ƙuruciyarsa, hannuwa kamar faranti, baki kamar reza. 'Yan bayansa sun fi tsoron bakinsa a kan 'yan gaban abokan hamayya. Sunansa na yanka ya ɓace a cikin ihun 'yan kallo, har mahaifiyarsa da kanta ta koma ce masa Gola.

Ƙafar ba a wani wasan tarihi ta tafi ba, kada wani ya yi maka ƙarya. An yi taro a filin, aka kafa rumfuna, aka cire turaku, aka bar ramuka. Da aka dawo wasa, ya fito ya kama ƙwallo a sama, ya sauko da ƙafa ɗaya a cikin rami. Gwiwa ta juya baya. Aka yi ɗori, ɗori ya kama a karkace, aka sake karyawa, ta warke a sandare. Waɗanda suka haƙa ramin har yau ba a san su ba. Filin nan dama haka yake, masu iko da shi sun fi a ƙirga, mai laifi ko ɗaya babu.

Daga nan aka ba shi wankin rigunan 'yan wasa, ya yi faɗa da ma'aji a kan sabulu. Aka mai da shi yagar tikiti, ya yi faɗa da masu shigo da 'yan uwansu kyauta. Ba za a ce mutum ne mai sanyin hali ba, wannan ko matarsa ba za ta rantse a kai ba. Mutum ne da in ka gaishe shi sai ya duba ko da wata manufa. Amma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma bai taɓa miƙa hannu a bakin titi ba, duk da masu ba shi shawarar ya yi sun yi yawa.

Abin da ya kai shi ga hoto, 'yarsa ce. Tana 'yar ƙarama ta ce, "Baba, nuna mini lokacin da kake tashi sama." Ya zazzage akwati, ya bi gidajen abokai. Hoto ɗaya tal ya samu, na taron ƙungiya, shi ma mai ɗaukar ya yanke masa kai daga wuya saboda tsawonsa. Duk tsallen nan, duk ƙasar da ya ci, babu shaida. Ya shiga sana'ar hoto da fushi, kuma da fushin ya zauna a cikinta.

Sai dai hoton ƙwallo aikin ƙafa ne. Sauran masu hoto gudu suke yi a bakin layi, ƙwallo ta yi gabas su yi gabas, ta yi yamma su bi ta. Shi kuwa sai ya dasa kujera a bayan raga, ya jira wasa ya zo gefensa. In bai zo ba, ranar ta tafi a banza. Haka ya yi ta fama da ƙananan kyamarori, har ranar da ya tsinci wannan kyamarar a teburin wani mai gwanjo, tsakanin tsofaffin rediyoyi da dutsen guga. Baƙa, mai tumbi, idonta manne da jikinta. Ya kunna, ya tura ɗan maɓallin zuƙowa, sai wuya ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa. Ya saita ta can ƙarshen layin kasuwa, ya ga wata mata tana cire wa ɗanta ƙaya a tafin ƙafa, har ya ga ƙayar. Nan take ya biya kuɗinta.

Matarsa ce ta sa mata suna Jimina, wai ga dogon wuya, ga nauyin jiki, ga hangen nesa, amma ba ta tashi. "Ku biyu kun dace," in ji ta.

Jimina ba waliyya ba ce, a faɗi gaskiya. Tana da nawa. Ka danna, sai ta yi tunani tukuna. In rana ta yi sanyi, hotonta sai ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. In hannu ya motsa kaɗan alhali wuyan yana waje, ɗan wasa ya zama hayaƙi. Gola ya san duk wannan, ya zage ta a kai ba sau ɗaya ba. Ya koyi ɗora gwiwar hannu a kan sandarsa, ya riƙe numfashi, ya saita inda ƙwallo za ta sauka maimakon inda take, ya jira. Da haka daga kujera ɗaya yake cin filin gaba ɗaya, daga wannan raga zuwa waccan. Koci ya ba shi aikin hotunan ƙungiya. 'Yan wasa suna karɓar nasu su tura wa manyan ƙungiyoyi. Iyaye mata suna zuwa har gida neman na 'ya'yansu. Da Jimina da keken ɗinkin matarsa aka yi hayar ɗaki da falo, aka yi makarantar yara. Jiminar tana da ƙusarta a bango sama da gado, tana da rigar ruwa da matar ta ɗinka mata da yadin tsohuwar laima. Ƙafarsa ce, a taƙaice. Ita Guduma ya murɗe.

Washegari ya kai ta wurin mai gyara, wani siririn mutum da ke da ɗan akurkin shago a layin masu gyaran waya. Ya saka gilashi a ido ɗaya, ya kwance, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Baba Gola, wannan ba karaya ba ce, yanka ne. Haƙoran da ke tura wuyan duk sun zube, wayar ciki ta tsinke, gilasan sun goce daga layinsu. Irin wannan da ido da jiki abu ɗaya ne. Sai dai a samo wata irinta a cire mata, in kuwa ka samo wata irinta, me ya kawo ka wurina?"

"Ba dabara?"

"Dabara ɗaya ce, ka je ka murɗe wuyan wanda ya yi."

Ya zuba masa sassan a leda, ya ƙi karɓar ko sisi, abin da ya fi ƙona wa Gola rai. Matacce ake yi wa aiki kyauta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Sakataren ƙungiyar masu hoto a gida, da kwali a hammata, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Matashi ne mai santsin baki, yana da shagon sayar da kayan hoto a babban titi. Ya zauna a kujerar baƙi, ya kwashi gaisuwa kamar mai neman aure. Ya ce "abin da ya faru." Ya ce "tsautsayi." Ya ce "rashin fahimta." Kalmar nan ɗaya dai, "yi haƙuri", ta ƙi fitowa, kamar an ɗaure ta da igiya a maƙogwaronsa.

"Baba, ƙungiya ta zauna ta duba girmanka. Ga wannan, sabuwa dal, a madadin waccan. Magana ta mutu."

Ya buɗe kwali ya fito da wata 'yar kyamara siririya, mai ɗan guntun ido kamar murfin kwalba.

"Marar madubi ke nan, Baba. Ita duniya take yayi yanzu. Manyan na da suna da madubi a ciki yana faɗuwa yana tashi, wannan an cire shi, shi ya sa ba nauyi."

Matar Gola ta tsayar da keke, ta juyo da zare a baki. "To ita Jiminar tana da madubin ne?"

"A'a, Mama, ita ma ba ta da shi."

"To mene ne abin taƙamar?"

Sakatare ya yi 'yar dariya. Ya danna maɓalli, ya murɗa, ido ya fita salin-alin. Ya nuna musu wani ɗan allo mai sheƙi a cikin ramin. "Ga abin taƙamar. A nan haske yake sauka. Na wannan ya kai gaɓar babban yatsa, na waccan bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Shi ya sa wannan ko da magariba hotonta fes yake fita. Tana kama idon mutum da kanta, ta bi shi duk inda ya yi. Ka danna, ta ɗauka, babu jira. Waccan wallahi ko a kyauta yanzu ƙwararre ba zai karɓa ba."

"Tana kaiwa waccan ragar?" in ji Gola. Ita ce maganarsa ta farko.

"Wace raga?"

"Raga nawa ce a fili, ɗan nan? Ina zaune a bayan ɗaya, tana kaiwa ɗayar?"

"Da wannan idon, a'a. Wannan na kusa ne, da shi take zuwa. Ai daɗin abin ke nan, Baba, sai ka canja. Akwai dogon ido da ake ɗaura mata." Ya gyara wuyan riga. "Yana nan a shagona. Gaskiya ya fi ita kanta kyamarar tsada, kuma yana da nauyi, sai da ƙafar ƙarfe. Amma kai namu ne, za mu yi magana."

Matar ta cire zaren daga bakinta a hankali.

"Ashe," in ji ta. "A karya wa mutum ƙafa, a ba shi takalmi kyauta, a ce sanda tana shago."

"Haba Mama, ba haka ba ne."

"Kada ka ce mini Mama, ban haifi mai wayon cin mutane ba. Tashi, zan share wurin."

Da ya fita, Gola ya daɗe yana harar kwalin. Amma mai sana'a ne, hannu ya ƙi haƙura. Ya ɗauka, ya saita matarsa tana ɗinki a bakin taga, ya danna. Da ya duba, sai da ya sake dubawa. Ga zare a kafar allura. Ga saƙar yadin, layi-layi. Bayanta duk ya narke ya yi laushi, fuskarta ta fito kamar za ta yi magana. Jimina ba ta taɓa yin irin wannan ba, ko a ranar da ta fi lafiya. Ya miƙa mata.

"Goge!" in ji ta. "Wa ya aike ka ƙirga mini furfura?"

"Abar tana da kyau, Maman yara," ya ce, kamar ana cire masa haƙori.

"Na ga tana da kyau. Kifi ma yana da kyau, amma ba a aikensa hawan bishiya."

Duk da haka ya ce zai gwada. Ranar wasa ta zagayo, Guduma ya karɓi sabuwar, ya danna, ya murɗa, ido ya fita. Ya washe baki. "Yauwa, Baba! Yanzu ka zama ƙwararre." Ya rataya masa jan falmaran. Mutumin da ya tsufa a filin, ƙaton da bai san gaban kyamara da bayanta ba ne ya naɗa shi ƙwararre. Gola ya ja ƙafa ya wuce, saboda in ya buɗe baki a lokacin, sai an kira 'yan sanda.

Ya dasa kujera a bayan raga. Kamar da gayya, ranar ƙungiyar garin ta tashi da ƙarfinta, ta danne baƙi a can ɗaya gefen, wasa ya ƙi dawowa. Ya ɗaga kyamara, ya murɗa idon iyakar murɗawa. Sararin sama ya fito shuɗi shar, ciyawa kore fes, allunan talla ana karanta su. 'Yan wasa kuwa tururuwa. Yatsansa ya yi ta neman ɗan maɓallin zuƙowar da ya saba da shi, yana taɓa wurin da babu komai. Can fili ya ɗauki ihu, an ci. Wani sabon ɗan gaba ne da aka ɗauko daga ƙungiyar unguwa, cinsa na farko ke nan. Sauran masu hoto sun riga sun kwasa da gudu, suna tsugune a gabansa. Sakatare yana tsakiyar layi, da dogon ido fari kamar bututun ruwa a kan ƙafar ƙarfe, ko motsi bai yi ba.

Bayan cin, kafin a mayar da ƙwallo tsakiya, Gola ya naɗe kujera zai bi wasan zuwa ɗaya ragar. Ya ja ƙafa, ya dogara sanda, falmaran ya jiƙe sharkaf. Bai kai tsakiya ba aka busa usur. Mataimakin alƙalin wasa ya taho da gudu da tutarsa, ya yi karo da shi, su biyu suka zube. 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Wani daga sama ya ƙwala, "Baba Gola ya dawo wasa! Koci, saka shi!" Waɗanda yake ɗaukar hoton 'ya'yansu ne suke dariyar. Ya tashi da kansa, ya ture hannun da aka miƙo masa. Kafin a tashi wasa batirin abar ma ya mutu, don irinta ba ta da juriya.

Da safe sai ga mahaifiyar ɗan gaban nan a ƙofa, wata mai sharar asibiti, ta zo da kayan aikinta a jiki.

"Baba Gola, an ce kai ne mai hoton yara. Nawa ya ci jiya. Ina bakin aiki, ban gani ba."

Ya so ya ce ba ya nan, amma ga shi a zaune. Ya buɗe hoton, ya buɗa shi da yatsu iyakar buɗawa. Matar ta kawo fuska kusa, ta ja baya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Wanne ne shi?"

"Wannan ɗigon."

"Wannan? Ai wannan ko ni da na haife shi ba zan rantse ba." Sannan ta ce, "Ba komai, Baba. An ce akwai wani mai shago a babban titi."

Ba ta daɗe da fita ba koci ya kira a waya. Ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali. A ƙarshe ya ce shugabannin ƙungiyar ƙwallon suna son hotunan cin, kuma Sakatare ya riga ya turo nasa. Ya ce zai riƙe masa aikin zuwa wasa mai zuwa saboda tsohuwar zuma, daga nan kuma ba a hannunsa take ba.

Gola ya ajiye waya, ya ce, "Zan je shagon yaron nan. In an sai da keken..."

Bai ƙarasa ba. Matar ta miƙe tsaye, almakashi a hannu.

"In an sai da me? Malam, ka dube ni da kyau. Su karya, mu biya, kuma a aljihunsu? Ka ɗauko bututun da ko ɗaga shi ba za ka iya ba da sanda a hannu? Shekara da shekaru kana zagin mutane a kan sabulu da tikiti, yau da aka zo kan abincinka bakin ya mutu?"

"Guduma zan je in fasa wa kai."

"Guduma ba ta duka sai da hannun da ya ɗaga ta. Ka san inda hannun yake."

Ya sani. Ƙungiyar tana taro a wani ɗaki a saman shagon sayar da fenti, ɗakin da sai an hau tsanin ƙarfe mai tsaye kamar na tankin ruwa. Tun da suka koma can Gola bai sake halartar taro ba. A can aka yanke dokar, a can aka tafa mata, babu wanda ya leƙo ƙasa ya tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a bakin layi.

Ranar taro ya sauka a gindin tsanin da leda biyu. Ana jin muryoyinsu daga sama, da ƙarar buɗe lemon kwalba. Bai kira kowa ba. Ya ɗaga sandarsa ya fara dukan ƙarfen. Ƙarar ta cika titi. Mai fenti ya fito, masu jiran mota suka juyo, mai wankin takalmi ya bar takalmi. Ya ci gaba da duka har ƙofar sama ta buɗe, Ciyaman ɗin ƙungiyar ya leƙo da tumbinsa, Sakatare a bayansa, sauran suna leƙe ta kafaɗunsu.

"Baba Gola! Lafiya? Hawo mana, a yi magana a ciki."

"Da wace ƙafar? Taka za ka jefo mini?"

Titi ya yi dariya, wannan karon ba shi ake yi wa ba.

"Baba, ai an sallame ka," in ji Sakatare. "Wadda aka ba ka ta fi taka nesa ba kusa ba, kowa ya sani."

"Ta fi ta. Na gwada, ta fi ta. Ta fi ta kyau, ta fi ta sauri, ta fi ta ganin duhu. Ku da kuke da ƙafafu, ta ishe ku. Ni ce muku na yi ina neman wadda ta fi? Dokar da kuka kafa don ku kori masu ɗauka da waya, a kaina ta sauka, kuma mai sayar da ido shi ya rubuta ta. Kunya ba ta kama ku ba?"

Ya buɗe leda ta farko, ya fito da sabuwar kyamarar a kwalinta, ya ajiye a matakalar farko, ya ɗora jan falmaran a kai. Ya san abin da yake yi. Ba tare da su ba, Guduma ba zai bar shi ya wuce ƙofa ba, aikin koci kuma ya tafi ke nan. Ya buɗe ta biyu, ya zazzage sassan Jimina a ƙasa, haƙoran roba da gilasai suka gangara cikin ƙura.

"Ga taku, ku sauko ku ɗauka, ko ƙwarzane babu. Ga tawa, ku dube ta. Kafin wasa mai zuwa ku nemo mini irinta, mai dogon wuya, mai ido a manne, ko sabuwa ko ta hannu, ku kawo mini har gida. Ku soke dokar murɗe-murɗen nan, ku gaya wa ƙatonku da bakinku. Ku sauko da taronku ƙasa inda kowa zai iya shiga. Kai kuma Ciyaman, ba gobe ba, yanzu, sauko nan inda nake tsaye, a gaban mutanen nan, ka ce kun yi laifi."